Ina so in je gabashin Chadi in taimaki yaran Sudan a dogon hutu, wa ya san hanya?

Malamar_Aji_Biyu

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamar firamare ce a Funtuwa, aji biyu nake riƙe da shi, ina da NCE, ban yi aure ba tukuna. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023 nake bin labarin mutanen da ke tsallakowa Chadi ta garin Adre, kuma abin ya ƙi barin zuciyata. Akwai dalili. Ƙanin kakana ya tafi hajji a ƙasa tun ba a haifi babanmu ba, bai dawo ba, labari ya zo cewa ya zauna a Sudan har ya yi iyali. Ba mu san garin ba, ba mu san sunayen 'ya'yansa ba. Duk yarinyar da na gani a bidiyo tana jan ƙanenta cikin rairayi sai in ji kamar tamu ce.

Na ci karo da wani shafi a intanet da ke ɗaukar masu aikin sa kai. Sun ce mako biyu ne a wani gidan marayu a gabashin Chadi, za a biya dala 900 ban da kuɗin mota ko jirgi, su kuma su ba da masauki da abinci. Aikin shi ne wasa da yara, koya musu baƙaƙe da ƙirga, da rabon kaya. Ba su nemi takardar karatuna ba, fasfo kawai da kuɗin. Na kwashi adashina wancan watan, in na haɗa da abin da na ajiye zai kai, har in sayi madarar gwangwani ta jarirai da 'yan riguna in tafi da su. A watan Agusta nake da sarari, lokacin dogon hutu.

Mama ba ta so. Ta ce ga almajirai nan kullum a ƙofar gida, me zai kai ni ƙasar da ban san kowa ba. Baba bai hana ba, bai kuma yarda ba. Ya ce in kawo masa sunan wanda zai karɓe ni a can, da wanda za a tuhuma in wani abu ya same ni. Na tura wa masu shafin wannan tambayar, amsar da suka ba ni ita ce gurbi ya kusa cika, in hanzarta biya.

Don Allah wanda ya taɓa zuwa can ko ya yi irin wannan aiki ya faɗa mini gaskiya. Shin zuwana zai amfani yaran? Kuma ta ina ake bi?

Nas_daga_Maraɗi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka miki da wannan niyya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a ɗakin masu tamowa na fara aiki nan Maraɗi, daga baya wata ƙungiya ta tura ni gabashin Chadi. Kada ki biya kuɗin nan. Kuma madarar gwangwanin nan, don girman Allah, ki bar ta a kanti.

Da madarar zan fara, don ita ce ke kisa. A sansani ruwa a jarka ake layinsa, ba itacen da za a riƙa tafasa shi kowane lokaci, ba sabulun wanke bulunboti. Uwa mai shayarwa in ta samu gwangwani kyauta za ta ɗauka ya fi nononta, ta fara ba jariri. Nono ya ja baya, gwangwani ya ƙare, ga gudawa daga ruwan da aka dama da shi. Na karɓi jarirai da yawa da ta haka suka zo hannunmu. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ba sa yarda a raba ta haka kawai. Jaririn da uwarsa ta rasu akwai tsarinsa daban, ana rubuta sunansa, ana bibiyarsa.

Sai maganar me za ki tarar. Yaro mai tamowa ba wasa yake bukata ba a ranar farko. Akwai wani ɗan tef mai launi uku da muke zagaya wa a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna ƙasa da santimita 11.5, ja ke nan, tamowa mai tsanani. Sai mu danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na ɗan lokaci, in wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne, shi ma mai tsanani ne ko da tef bai nuna ja ba. Daga nan a buɗe ledar Plumpy'Nut, wannan haɗin gyaɗa da madara, a ba uwar ta ba shi a gabanmu. In ya ci, gida za su koma da rabon mako, su dawo awo. In ya kau da kai, sai kwanciya, a fara shi da madarar asibiti da ake kira F-75, kaɗan-kaɗan, dare da rana. Yaron da ya rame haka in aka cika masa ciki da abinci mai nauyi don tausayi, zuciyarsa na iya tsayawa. Kin ga wannan ba aikin da baƙo zai koya a mako biyu ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne su wa ke riƙe da aikin. A ɗakinmu, masu awo, masu fassara, masu zaga tantuna suna neman yaran da suka daina zuwa, kusan duk 'yan gudun hijirar ne da 'yan Chadi na yankin. Akwai wata mata da ta tsere daga garin Al-Junaina na Darfur, ungozoma ce a can kafin yaƙi. Wata rana aka kawo yarinya da ta ƙi cin komai, uwarta na zaune ta juya mana baya, ba ta ko kallon ɗiyar. Ni na ɗauka halin ko-in-kula ne. Matar nan ta zauna kusa da ita a tabarma, ta yi mata magana da harshen Masalit a hankali, ta daɗe. Ashe a kan hanya aka kashe mijinta da babban ɗanta a gabanta. Sai da aka samu mai jin harshenta sannan ta miƙa hannu ta karɓi kofin, ta fara ba yarinyar da kanta. Ni da takarduna ban iya wannan ba.

Can Larabcin Chadi da na Sudan ake yi, sai Masalit da wasu harsunan Darfur, ofis kuma Faransanci. Hausa za ta yi miki amfani a kasuwar Njamena, amma ba a cikin aji a sansanin Metche ko Farchana ba. Kuma malamai ba su suka yi ƙaranci ba. Cikin waɗanda suka gudo akwai malaman makaranta masu shekaru a kan aiki, suna koyar da yara fiye da ɗari a ƙarƙashin rumfa, wasu da safe wasu da rana, a kan ɗan alawus da ba kullum yake zuwa ba. Abin da suka rasa alli ne, da littafi, da inuwa, da albashi. Dala 900 ɗinki in ta faɗa hannun da ya dace za ta riƙe irin wannan malami wata da watanni.

Alhaji_Njamena

Salamu alaikum. 'Yata, ni ɗan kasuwa ne, asalina Gumel, amma a Njamena na tsufa. Tambayar da mahaifinki ya yi ita ce tambaya, kuma rashin amsarta ya isa amsa.

Kalmar nan ta gidan marayu a gabashin Chadi tana da tarihi, mu da muke nan ba mu manta ba. A watan Oktoban 2007 aka kama wasu Faransawa na wata ƙungiya mai suna Arche de Zoé a Abeche, suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa. Sun ce marayun Darfur ne. Har bandeji suka naɗa wa yara masu lafiya don a ce jinya za a kai su. Da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da Red Cross suka bincika, sai aka ga mafi yawansu 'yan Chadi ne daga ƙauyukan wajen Adre da Tine, kuma suna da iyaye ko dangi a raye. An ce wa iyayen makaranta za a sa su a nan cikin ƙasa. Kotu a Njamena ta yanke wa mutum shida shekara takwas-takwas, aka mai da su ƙasarsu, Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa a 2008. Tun daga lokacin, baƙon da ya zo yana tambayar inda ake tara yara, ido ake sa masa, kuma da gaskiyar mutane.

Sansanonin nan ba kasuwa ba ne da za a shiga a fita. Gwamnati na da hukumarta ta 'yan gudun hijira, CNARR, tana aiki da UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma kowace ƙungiya an san ta, an san abin da aka ba ta ta yi. Yaron da ya rabu da iyayensa a hanya, rajista ake yi masa, a sa shi hannun wani iyali daga mutanensu, Red Cross ta shiga neman danginsa. Ki tambayi masu shafin nan sunan gidan, da garin da yake, da takardar izininsu. In sun faɗa, ki rubuto a nan, ina da yara masu kai kaya Abeche, za su je su gani da ido.

Sannan Agusta. Tsakiyar damina ke nan. Daga Abeche zuwa Adre ƙoramu ne ke yanke hanya, in ruwa ya sauko mota sai ta kwana a bakin ƙorama tana jira ya janye, wani lokaci fiye da kwana ɗaya. Manyan motocin abinci ma maƙalewa suke yi. Ta ƙasa daga wajenku kuwa sai kin bi Maiduguri, Gamboru, Fotokol, Kusuri, ki haye gada ki shigo Njamena, kin san halin da wannan hanya take ciki. Ban yarda 'yata ta cikina ta bi ta ita kaɗai ba, ke ma ba zan ce ki bi ba.

Maganar ƙanin kakanki kuwa ta taɓa ni. Hanyar da ya bi ke nan, ta nan garin lokacin ana ce masa Fort-Lamy, Abeche, Adre, Al-Junaina, Al-Fashir, har bakin Bahar Maliya. Da yawa guzuri ya ƙare musu suka tsaya noma a Jazira da Gadarif cikin Sudan, wasu a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. In za ki nemi danginku, ta wajen Hausawan can za a fara, ba ta Darfur ba.

Ɗan_Faskari

Malama ki yi haƙuri, ni ina bayan Mama. Ba sai kin yi fasfo ba. Mu da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume, ina muka zube? Ba cikin Funtuwa ba? Ki zaga kangwaye da gidajen da ba a gama ginawa ba a bayan gari, ki ƙirga yaran da rabonsu da aji tun kafin a tashe su. Ƙannena biyu na cikinsu. Hausa suke ji, ke ma ita kike ji, kuma in kin fara da su ba za ki tafi bayan mako biyu ki bar su ba. UNICEF ta daɗe tana cewa yara sama da miliyan 10 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawa a arewa. Ban ce yaran Sudan ba su cancanci tausayi ba, wallahi sun cancanta. Amma mu ba mai ɗaukar mu bidiyo, shi ya sa ba a ganin mu.

Malam_Mai_Ritaya

Ɗan_Faskari, Allah ya mayar da ku gida lafiya, maganarka gaskiya ce kuma tana da nauyi. Sai dai ba na so a rufe wa Malama ƙofar fita gaba ɗaya, domin ni na fita kuma na ga amfaninsa.

A ƙarƙashin shirin Technical Aid Corps na je Gambiya na koyar da lissafi. Gwamnatin Najeriya ta kafa shirin a 1987, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi na ministan harkokin waje, don tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik da suka nema. Wa'adin shekara biyu ne. Zangon farko kusan duk a koyo ya tafi: sunayen yara, gaisuwa da Mandinka, gane wace yarinya ce ke fashi ranar kasuwa da dalilin fashin. Sai a shekara ta biyu na ga hannuna a sakamakon jarrabawa. Wanda ya zo na mako biyu, a daidai lokacin da yaro ya fara sakin jiki da shi yake ɗaukar jaka. Yaron da ya riga ya rasa uba, ya rasa gida, sai a riƙa kawo masa sabuwar fuska yana sabawa ana ɗauke ta. Wannan cutarwa ce ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Kuma inda baƙi ke biyan kuɗi don su ga marayu, marayu ba sa ƙarewa. A Kambodiya, wani bincike da UNICEF ta fitar a 2011 ya nuna gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, alhali kusan uku cikin huɗu na yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya sa iyaye suka miƙa su, da alkawarin makaranta. Abin ya kai Ostireliya ta ɗauki safarar yara zuwa irin waɗannan gidaje a matsayin nau'in bautar zamani lokacin da ta yi dokarta ta 2018. Mu kuma addininmu da ya kwaɗaitar da ɗaukar nauyin maraya bai ce a raba shi da uwarsa ba. Ki ciyar da shi yana ɗakinta, ladan na nan.

Ma'aunina mai sauƙi ne, Malama. Ƙungiyar kirki ita ke tantance ki: ta nemi takardunki, ta nemi shaidar 'yan sanda cewa ba ki da laifi, ta kira shugaban makarantarku, ta sa ki sa hannu a kan ƙa'idar kare yara, har da hana ɗaukar hotonsu barkatai. Wadda ba ta tambaye ki komai ba, haka ba za ta tambayi mugun da zai zo bayanki ba. Shirin masu aikin sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, ba ya karɓar ko kwabo, shi ke ba da alawus. Haka na matasan Tarayyar Afirka da aka ƙaddamar a Abuja a 2010, na shekara guda. Gasa ce mai zafi, ana neman gogewa, kuma digiri na ƙara wa mutum dama, don haka in da hali ki ɗora a kan NCE ɗinki.

Ki kuma duba inda harshenki ke da daraja. A Chadin kanta akwai sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola, na mutanenmu da suka tsere bayan harin Baga a farkon 2015. Akwai Minawao a arewacin Kamaru. Akwai 'yan Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka tsallaka jihar Maraɗi tun 2019. A waɗannan wurare malama mai Hausa da Turanci abin nema ce.

Malamar_Aji_Biyu

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Alhaji, na tura musu tambayoyinka uku jiya da dare. Sun karanta, ba su amsa ba, da safe kuma suka turo cewa an rage mini dala 100 in na biya yau. Na nuna wa Baba duk abin da kuka rubuta. Bai ce komai ba sai da ya zo kan sunan Mai Wurno, ya ce ya taɓa jin kakarmu ta ambace shi.

Ɗan_Faskari, ƙannenka shekarunsu nawa, kuma aji nawa suka tsaya? Ajina babu kowa a cikinsa duk tsawon hutu, zan nemi izinin hedimasta a buɗe mini shi da safe. Allo da benci akwai, littafi da fensir zan saya daga kuɗin adashin.

Amma ban cire rai da fita ba, gaskiya. Anti Nas, in ina so nan da shekara biyu ko uku wata ƙungiyar gaske ta ɗauke ni, me zan fara yi daga yanzu? Kuma wani kaso na kuɗin ina so ya isa ga malaman nan na rumfa da kika faɗa. Ta wane hannu?

Nas_daga_Maraɗi

Ajin hutun nan da za ki buɗe shi ne farkon takardarki, ƙanwata, in kin yi shi da tsari. Ranar farko ki gwada kowane yaro shi kaɗai: wa ke gane baƙi, wa ke haɗa kalma, wa ke karanta jimla. Ki raba su bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba, ki rubuta, ki sake gwadawa a ƙarshen hutu. Wannan salon daga Indiya ya samo asali, ana ce masa TaRL, an yi shi da Hausa a Borno da Kano, ki tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko akwai wanda ya samu horon. Masu ɗaukar ma'aikata irin wannan rajistar suke so su gani. Ki nemi horon kare yara da na taimakon farko a reshen Red Cross na jiha, sannan ki fara Faransanci, ko a waya ne, domin Nijar da Chadi da Kamaru duk da shi ake cike takarda.

Kuɗi kuma kada ki tura wa wani mutum a asusunsa na kansa, ko ni ce. UNHCR da UNICEF suna karɓar gudummawa ta shafukansu na ainihi, ki buga adireshin da hannunki, kada ki bi wanda aka turo miki a saƙo. Ba za su iya ce miki ga malamin da ya samu ba, asusu ɗaya ake zubawa na ayyukan rikicin Sudan. In kuwa so kike ki san takamaiman inda ya sauka, ki jira yaran Alhaji su je Abeche su tambayo wace ƙungiya ce ke riƙe da makarantun sansanin da kike so, sai ki rubuta wa ofishinta kai tsaye ki nemi rasit.